Kwana Arba'in da Tara

Litinin, 10 ga Fabrairu

Dole in yaba wa kwalejin nan ta kan tudu. Mutanen kirki ne. Shekara talatin da biyar ina dafa waken soya ina kirɓa daddawa a kasuwar Dolmoru, ba wanda ya taɓa gaya mini karatu nake yi, sai su. Sun kafa allo a bakin ƙofarsu da hoton wata tsohuwa mai haƙoran roba tana murmushi, an rubuta wai abin da ka koya a rayuwa ka kawo su mayar maka da shi maki. Ashe duk ciwon bayan nan ajiya nake yi ban sani ba. Ga karamci kuma: ko randa ɗaya ba su taɓa ɗagawa ba, amma sun yarda su duba ko ni na ɗaga daidai.

To, bari in rubuta abin yadda yake, kafin in fara yi wa kaina tallan da nake yi wa masu saye.

Gunduma tana gina gidan koyar da daddawa a tsallaken titi, na 'yan makaranta da 'yan yawon buɗe ido. Bayan bikin kaka za a rushe layinmu, har filin bayan shago inda randunana arba'in da biyu suke, a yi wa gidan wurin ajiye motoci. Suna son malama ɗaya. Wadda aka ɗauka, randunanta su tsallaka titi tare da ita. In ba ni ba ce, sai hawa na sha huɗu a wani dogon bene a birnin Incheon, gidan ɗana Dong-pil, inda ko tukunyar fure sai matarsa ta auna kafin ta shiga.

Malamar kuwa sai mai difloma. Difloma maki tamanin. An ƙirga mini shekara ɗayan da na yi a kwaleji kafin ciwon babana ya dawo da ni gida, sauran na tsince su ɗaya-ɗaya cikin shekara biyu, ina kallon darasi a waya ina korar ƙuda. Sittin da takwas. Saura goma sha biyu, kuma darasi ba zai kai ni kafin Agusta ba, watan da ake ba da difloma. Sai dai allon mai haƙoran roba.

Alhamis, 13 ga Fabrairu

Na hau tudun. Malama Seol ce a ofishin, fuska kamar ba a taɓa yi mata ciniki ba. Sau goma sha ɗaya ta ce mini Mama, ga sunana a gabanta da manyan baƙaƙe.

Takardar shaidar aiki take so, da hatimi. Na ce shagon ai kowa ya san shi. Ta duba kwamfuta. Shagon da sunan surukata aka buɗe shi. Da ta rasu ya koma sunan mijina. Da shi ma ya tafi, dangi suka ce ɗan fari, aka sa sunan Dong-pil, wanda ko wake da tsakuwa ba ya bambancewa. Ni a takardun hukuma matar gida ce. Shekara talatin da biyar ina zaune ina gyaran farce ke nan.

Na miƙa mata hannuna ta ƙarƙashin gilashin tagarta. Na ce, "'Yata, shinshina."

Ta ce, "Mama, babu gurbin wannan a fom."

Amma akwai wata hanya. Jarrabawa a rubuce kan littafin darasin, sannan gwajin hannu a gaban kwamiti. In na ci biyun, sha biyun nawa ne.

Yaya Bong-rye mai busasshen kifi, da shagonta ke jikin nawa tun kafin a haifi Dong-pil, ta ce da na faɗa mata da ta buga mini hatiminta, da na mijinta, da na karensu. Tun da rana take kirana Dokta.

Talata, 18 ga Fabrairu

Ranar doki. A tsohuwar kalandarmu duk kwana goma sha biyu take zagayowa, ita ce ranar sa'ar zuba curin wake a randa. Na zuba.

Kullum nakan raba aikin biyu, rabi a ranar doki ta farko, rabi a ta biyu. Bana ta farkon ta same ni a gaban waya ina amsa tambayoyin darasi, sai na haɗa randa goma sha ɗaya duka yau. Na kwance curin waken daga karan shinkafa, na wanke, na shanya. Gishirin shekara uku, wanda ɗacinsa ya gama tsiyayewa. Ƙwai ya taso a ruwan gishirin, bayansa faɗin kwandalar won ɗari biyar, gishiri ya yi daidai ke nan. Gawayi, busasshen barkono, magarya. Sannan ludayi ɗaya-ɗaya daga randar iri, baƙin romon da surukata ta gada wajen tata surukar.

Malama Seol ta ce in ɗauki hoto in rubuta kwanan wata a fom, don kwamiti. Na rubuta. Gwiwar hagu ta kumbura.

Laraba, 26 ga Fabrairu

Littafin ya zo. Na Farfesa Maeng ne, shi ne kuma shugaban kwamitin. Shafi ɗari huɗu. Ina ta wucewa ina hamma har na zo babi na bakwai, sai na ajiye tabarau na sake ɗauka.

Tsarin Kwana Arba'in da Tara na Dolmoru. Wai mu mutanen nan, tun kaka da kakanni, kwana arba'in da tara cif muke barin curi a ruwan gishiri kafin mu raba daddawa da romo. Gawayi bakwai, barkono bakwai. A ƙasan shafi, da rubutu kamar ƙafar tururuwa: daga bakin matar gidan Byeon, mai shekara talatin da uku.

Ni ce.

Na tuna shi. Shekara ashirin da shida ke nan. Wani siririn saurayi da na'urar ɗaukar magana da takalmi mai shan ruwa, ya tsaya a filin randuna yana rawar sanyi. Surukata tana bakin ƙofa tana kallona. Dokarta na sani tun makon da aka kawo ni: baƙo in ya tambayi awo, ba a hana shi, ba a kuma ba shi. Kin hana shi, ya tafi yana cewa gidan rowa. Kin ba shi, daɗin gidan ya bi shi. Sai ki ba shi lamba mai kyau ya tafi da ita yana godiya. Kowane gida a layin nan haka yake yi, har gidan fasto.

A lokacin muna shirin addu'ar kwana arba'in da tara ta surukina a gidan ibada. Lambar ce kawai a kaina. Na ba shi. Ya ce gawayi fa? Na ce bakwai, don ya tafi in koma kan wuta. Surukata ta ba shi ɗumammen dankali, da ya fita ta ce yau na zama 'yar gida.

Shi kuma ya je ya yi mata shafi goma sha biyu. Bakwai sau bakwai. Wai wake yana mutuwa a cikin randa, ya yi tafiyar da ran mamaci ke yi, ya sake haihuwa. Har ni na ji tausayin waken.

Yanzu na gane abin da ya sa 'yan Seoul ke tambayata ko tawa ta arba'in da tara ce. Nakan ce e mana, ta me za ta zama. Ashe kayana suke mayar mini.

Alhamis, 27 ga Fabrairu

Yaya Bong-rye ta yi dariya har ta zauna kan kwalin kifi. Ta ce ni kaɗai ta sani da za ta yi haddar ƙaryarta ta kuma biya kuɗin littafi.

Juma'a, 7 ga Maris

Gaskiyar, don in ga yadda take a takarda, ban taɓa rubuta ta ba.

Babu lamba. Iskar teku ta nan tana da damshi da sanyi, tana jan aikin. Wata shekara sittin, wata sittin da biyar, shekarar da aka yi ƙanƙara a Afrilu har saba'in da biyu. Hanci ne. Ka buɗe murfi da hantsi: in warin jiƙaƙƙen kara ne, rufe ka tafi. Ran da ya juya ya koma kamar ana soya gyaɗa a gida na uku, ranar ce. A arba'in da tara zuciyar curin ba ta jiƙa ba, romon fari-fari kamar shayin asibiti, kuma in zafi ya shigo daddawar za ta yi tsami.

Amma a jarrabawa arba'in da tara zan rubuta. Ni ba yarinya ba ce.

Juma'a, 14 ga Maris

Jarrabawa. Mu tara ne: wani mai gyaran kwale-kwale, mata biyu masu jinyar tsofaffi, sauran ban tambaya ba. Duk mun sa kayan zuwa biki.

Tambaya ta huɗu, maki talatin: bayyana tsarin Dolmoru da dalilinsa.

Na rubuta arba'in, na tsaya. A saman takardar an buga Pyo Mal-sun. Ba matar gidan Byeon ba, ba Uwar Dong-pil ba, ba Mama ba. Ban san abin da ya shiga kaina ba. A ce an tambaye ni da sunana, a rubuce, abin da na sani, karo na farko... Na soke. Na cika shafi da rabi. Iska, hanci, gyaɗa, duka. Abin da surukata ta ɓoye shekara hamsin na zube shi ga wanda ko sisi bai taya ba.

Na sauko tudun ina jin kaina kamar wata.

Litinin, 24 ga Maris

Hamsin da biyu. Ana son sittin. Tambaya ta huɗu sifili, da jan biro a gefe: duba babi na bakwai.

Laraba, 26 ga Maris

Sun ɗora sunan sabon ginin, haruffan ƙarfe, kowanne ya kai tsayina. Gidan Kwana Arba'in da Tara. Daga bakin shagona ba abin da nake gani sai shi.

Juma'a, 28 ga Maris

Na ɗebi daddawar shekara uku a ƙaramin kwano na hau wajen Farfesa Maeng. Ya yi ƙiba, gashi ya tafi, takalmin yanzu ba ya shan ruwa. Na ce ya tuna ɗumammen dankali a filin randuna? Ya miƙe tsaye, ya riƙe hannuna da hannu biyu, har idonsa ya kawo ruwa. Wai ni ce mafarin aikinsa duka. Ya sa a kawo shayi.

Na bari ya sha rabi, sannan na gaya masa.

Na yi zaton zai yi faɗa. Na shirya wa faɗa, faɗa ai sana'ata ce. Sai ya buɗe kwanon, ya lakata da ɗan yatsa, ya daɗe bai haɗiye ba. Ya tashi ya buɗe ƙofar baranda. Ƙananan randuna uku a jere, da kwanan wata manne a jikinsu.

Ya ce, "Shekara ashirin da shida ina yi. Kullum tsami. Matata ta ce hannuna ne ba shi da kyau, ni ma na yarda."

Na sunkuyar da kai. Ni. Da ya zage ni da ya fi mini.

Daga nan maganar ta koma ta manya. An buga littafin sau tara. Ɗalibai dubbai sun ci jarrabawa da shi, wasu suna koyar da shi. Gunduma ta samo kuɗin ginin da wannan sunan. Saura masa shekara biyu ya ajiye aiki. Bai ce ba zai gyara ba, cewa ya yi abin yana bukatar nazari.

Na ce to, tun da ƙaryar tawa ce, a sa sunana a ƙasan shafin, in kai wa Malama Seol a matsayin shaidar aiki. Ya ce kaset ɗin ya ɓace tun da aka canza masa ofis. Kuma ko an same shi, me zan nuna da shi? Cewa ni ce na ruɗi masu bincike?

Abin da zai iya: akwai zaman jarrabawa na biyu ran huɗu ga Afrilu. Gwajin hannu kuma kwamiti zai zo har filina, ran takwas. Ya duba fom ɗina ya ƙirga da kansa. Ran takwas randunana ke cika arba'in da tara.

A bakin ƙofa ya ce, a hankali, "Mama, ki rubuta abin da ke littafi. Ke kika faɗa ai."

Ya riƙe kwanon.

Lahadi, 30 ga Maris

Dong-pil ya kira. Sun gyara mini ɗakin da injin motsa jiki yake. Ya yi magana da matarsa, ta yarda da randa ɗaya, ƙarama, mai murfin roba, saboda maƙwabta. Ya ce in huta haka nan, me nake nema. Yaron kirki ne. Da daddawar nan aka kai shi jami'a, kuma tun yana aji uku yake rataye rigarsa a waje don kada ta ɗauki warin.

Juma'a, 4 ga Afrilu

Na rubuta babi na bakwai kamar mai karanta addu'a. Har da tafiyar ran wake. Minti ashirin na gama, na zauna ina kallon mai gyaran kwale-kwale yana tauna biro. Shi ma karo na biyu. Injin da ke littafinsu an daina yin irinsa tun yana saurayi.

Litinin, 7 ga Afrilu

Na buɗe murfi da hantsi. Jiƙaƙƙen kara. Duka sha ɗayan.

Yaya Bong-rye ta leƙo ta katanga ta ce in fito musu da ta ranar doki ta farko mana, wa zai gane, ai ta haura sittin. Dabara mai kyau, irin tawa. Sai da na tuna mata bana babu ta farko. Karatun ya cinye ta.

Ta ce, "To Dokta, ke da ilimi sai ku ƙarasa."

Talata, 8 ga Afrilu

Sun zo su biyar: Farfesa, malamai biyu, Malama Seol da fom, da mai kyamara daga gunduma. Sun ba ni farar hula da safar hannu ta roba. Ban taɓa taɓa curi da roba ba, kamar ka gaisa da mutum ta cikin bargo.

Randa ɗaya suka ce. Mai kyamara ya ce uku za su fi kyau a hoto. Na raba biyar. Gyara na yi musu, hali ne, hannu ya riga kai.

Zuciyar curin fara fat, tana marmashewa. Na juya ta ƙasa da sauri na danne da tafin hannu, yadda ake juya gefen kabewa mai tabo. Baki kuwa yana aikinsa. Shekara talatin da biyar ina sayarwa, in na ga idon mutum biyar a kaina ba na iya yin shiru. Na ba su bakwai sau bakwai. Na ba su ran wake. Da na ga ɗaya malamar tana gyaɗa kai, sai na ji ina cewa kuma ba a rabawa sai an fuskanci gabas, don sabon rai daga can yake shigowa. Wannan ko a littafi babu. A take na ƙera shi. Ta ciro biro ta rubuta.

Farfesa yana kallon takalminsa.

Sun ɗanɗani romon suka ce yana da sauƙi a baki, na zamani. Ruwan gishiri ne mai launi.

Da suka tafi na je na tsaya wajen randar iri. Ban buɗe ba. Na goge mata ƙura dai.

Alhamis, 24 ga Afrilu

Gyaɗa. Kwana sittin da biyar. Na raba sauran shidan da hannuna tsirara, ba kowa sai kyanwar layi. Sun yi kyau, kyan da ban gani ba tun shekarar da mijina ya rasu. Ba wanda zai ba ni maki a kansu.

Juma'a, 9 ga Mayu

Sha biyun sun shiga. Rubutacciya casa'in da shida, gwajin hannu mafi girman daraja. A wajen bayani an rubuta: tana da zurfin fahimtar al'adar yankin. Malama Seol ta fito daga bayan gilashi ta rusuna mini. Ta ce suna so su sa hotona a allon baɗi. Na ce haƙorana nawa ne, ko ba komai?

Mai gyaran kwale-kwale bai ci ba.

Alhamis, 17 ga Yuli

Biyar ɗin sun yi tsami, kamar yadda na ce, a shafin da aka ba ni sifili. Na ƙara gishiri da dafaffen wake ko za su farfaɗo. Ba sa sayuwa ga wanda ya san ni. Wata mota ta 'yan Seoul ta tsaya, suka tambayi ta arba'in da tara, ta cikin bidiyon gunduma. Na ɗanɗana musu mai kyau da mai tsami. Mai tsamin suka zaɓa, wai ita ce ta asali, ana jin tarihi a cikinta.

Na sayar. Me zan yi.

Juma'a, 22 ga Agusta

Difloma. Riga baƙa, hula mai kusurwa huɗu. Yaya Bong-rye ta zo da furanni tana warin kifi, ta ce in riƙe takardar da kyau, ita ce abu na farko da na mallaka da sunana. Da wasa ta faɗa. Mun yi dariya, sannan muka ci taliya mai sanyi.

Litinin, 20 ga Oktoba

An ɗauke ni. Randuna sun tsallaka titi, arba'in da ɗaya, guda ta fashe a hannun masu ɗauka. Layinmu ya zama fili, sun fara zana farin layi na motoci. Yaya Bong-rye ta koma gidanta na bayan dutse, ta ce ta gaji da kifi, kifi ya gaji da ita.

Takardar aikin wata goma sha ɗaya ce, in an ga hali a sabunta. Sharaɗi na shida: duk abin da za a koyar ko a zuba a gidan sai bisa tsarin da ke littafi. Sharaɗi na tara: ba a zuba wa abincin baƙi wani abin da ba a san asalinsa a rubuce ba. Randar iri ke nan. Shekara ɗari tana aiki, ita ma ba ta da shaidar aiki. Sun sa ta cikin akwatin gilashi a zaure, da fitila a kanta, da ɗan allo: randar wani gida na Dolmoru.

Kafin su rufe gilashin na ɗebi kwalba biyu a jakata. Da wata ƙaramar randa da ban sa a lissafinsu ba, na aika gidan Yaya Bong-rye. Ɗaya dai, tawa, da hanci. Don kada in manta.

Dong-pil ya ce yana alfahari da ni. An mayar da injin motsa jiki ɗakinsa.

Talata, 9 ga Disamba

Aji uku yau. 'Yan firamare, matan sojoji, wasu Japanawa. Ina da sanda mai jan haske da nake nunawa da ita. An zana kibiya a ƙasa mai nuna gabas.

An fito da bugu na goma. Farfesa ya aiko mini, da sa hannunsa. Babi na bakwai ya ƙaru da shafi biyu, na malamar nan mai biro. Ƙasan shafin yana nan yadda yake.

Laraba, 25 ga Fabrairu

Ranar doki. Mun zuba randa ashirin da baƙi, gishiri a kan sikeli, gawayi bakwai-bakwai, yara suna ƙirgawa da ƙarfi. Da yamma na hau bas zuwa bayan dutse na zuba tawa. Ludayin iri ɗaya. Yaya Bong-rye ta ce ta ga ina ƙirga gawayi. Na ce ido ne ya fara yi mata gardama.

Laraba, 15 ga Afrilu

Bikin rabawa. Shugaban gunduma, ganguna, motoci sun cika filin da shagona yake a da. Randa ashirin kafin azahar, kowa ya fuskanci gabas. Wata mata ta tambaye ni me ya sa arba'in da tara, na ba ta amsa har ta share hawaye, ta ce babanta bai daɗe da rasuwa ba. Ban ji komai a maƙogwarona ba. Da can nakan ji.

An tashi da wuri, ga safar hannu a jaka, ga bas a tsaye, sai na wuce bayan dutse. Na raba tawa. Don kada in yi sawu biyu ne kawai, gwiwar nan ba ta son bas.

Ina cikin dannawa Yaya Bong-rye ta fito da kwanon wanki, ta tsaya. Ta ce, "Mal-sun, kin shinshina kuwa?"

Ba ta ce Dokta ba.

Na ce mata e. Ina jin na shinshina. Gidan koyarwar can kullum warin maganin goge ƙasa yake, hanci yakan gaji, kuma bana an yi ɗumi da wuri, ba mamaki ta kai. Ba mamaki. Zuciyar curin dai na juya ta ƙasa, ban duba ba.

A bas na ciro diflomar daga jaka, tana nan kullum cikin leda, ban san dalili ba. Sunana ne, ba kuskure ko ɗaya. Abin da nake so wani mai ilimi ya duba mini a kwamfuta shi ne: maki goma sha biyun nan, na shekara talatin da biyar ne da na yi ina aiki, ko na minti goman da na yi ina sallamar baƙo?